Yumɓun da Ya Ƙi Nutsewa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tambuwal ko Kebbe ya san yumɓu tun kafin ya san allo. Da shi yara ke gina shanu da raƙuma a bakin fadama, su kafa musu ƙaho da ƙaya, su jera su a rana su bushe. Kowane yaro kuma ya san abin da ke faruwa idan curin yumɓu ya suɓuce ya faɗa ruwa: ƙasa zai yi kai tsaye, babu ko waiwaye. Abin da ba kowa ya tsaya ya gwada ba shi ne, wannan curin dai, ba a gutsure masa komai ba, ana iya sa shi ya zauna a kan ruwa daram, har a ɗora masa kaya ya ɗauka.

Babu siddabaru a ciki. A samo daro a zuba ruwa ya kusa cika. A ɗebo yumɓu mai laushi wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, a mulmula shi, a saka. Ya nutse. A tsamo shi, a goge ruwan jikinsa, sannan a dasa babban yatsa a tsakiyarsa, a riƙa juya shi ana matsawa, ramin na faɗi, bangon na sirancewa, har ya koma ɗan ƙoƙo mai faffaɗan gindi da baki a tashe. Wurin ajiyewa a ruwa ake son natsuwa. Da hannu biyu ake yi, a hankali, sai gindin ya zauna gaba ɗaya kafin a saki. Zai ɗan yi rawa, ya lotsa kaɗan, sannan ya tsaya. Yaron da ya ga wannan karon farko yakan duƙa ya leƙa ƙarƙashin ƙoƙon, ko an tokare shi da wani abu.

Da wuya a dace tashin farko, kuma rashin dacewar ma karatu ne. Wani ƙoƙon zai tsage a gindi, tsagar da ido ba ya gani, ruwa ya riƙa tsattsafowa har ya cika shi. Wani gefensa ɗaya ya fi kauri, sai ya karkace ya kwankwaɗi ruwa ta nan. Wani bakinsa ya yi gajarta. Wani kuma an yi masa kauri ko'ina saboda tsoron kada ya fashe, ramin cikinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya bi sawun curin farko. Malamin da ya san aikinsa ba ya gyara wa yaro. Tambayarsa kawai yake yi: ta ina ruwan ya shiga?

A makarantun ƙasashe da dama, wannan gwaji yana cikin abubuwan farko da ake nuna wa yara a darasin kimiyya, kuma da yumɓun kanti suke yi. Wanda ya fi shahara shi ne Plasticine, wanda wani malamin zane mai suna William Harbutt ya haɗa a garin Bath na Ingila a 1897, don ɗalibansa su samu abin gini da ba ya bushewa a hannu. Da mai ake kwaɓa shi, shi ya sa ruwa ba ya cin sa, ana iya tsamo shi a sake gina shi sau ba adadi. Akwai wani kuma, Play-Doh, wanda aka fara sayar wa yara a Amurka a 1956. Shi da fulawa da gishiri da ruwa ake yin sa, yana shiga daro sai ya yi yauƙi ya narke, don haka ba ya wannan aiki. Na kawo wannan ne saboda malamin da ya ga gwajin a littafi, ya duba bai da kuɗin sayen yumɓun kanti, ya tsallake shafin ya ce yara su haddace. Malamin Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi bai da dalilin tsallakewa. Abin da wasu ke saye a kwali, shi taka shi yake yi a hanyar makaranta.

Sai dai yumɓun fadama yana da halinsa. Ɗanye ne, ruwa na cin sa. Idan aka bar ƙoƙon ya bushe a rana sannan aka saka shi, nan da nan zai jiƙe ya ruguje, domin busasshen yumɓu ya fi saurin shan ruwa. Da damshinsa ake so, an kwaɓa shi ya yi danƙo sosai, a nan zai jure 'yan mintunan da ake buƙata. In an shafe bayansa da man gyaɗa ko man kaɗe, zai ƙara daɗewa. In kuma ana son wanda za a ajiye shekara da shekaru, sai a kai wa maginiya ta sa su cikin gashin tukwanenta. Da zarar zafin wuta ya haura digiri 600, yumɓu ya rabu da ruwan da ke ƙulle a jikinsa, ba ya sake komawa laka har abada.

Ina sirrin yake?

Amsar da yara kan fara bayarwa ita ce ƙoƙon ya fi curin sauƙi. A ɗora su a sikeli, nauyinsu ɗaya. Wasu su ce iska ce a ciki. Sun kusa, amma ba su kai ba.

Ruwa ɗan kasuwa ne mai gaskiya: gwargwadon wurin da ka karɓe masa, gwargwadon ɗaukar da zai yi maka. Duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani ruwan gefe kafin ya samu wurin zama, ruwan kuma yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin wancan da aka ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ledar ruwan sha guda rabin kilo ke nan. Shi kuwa ɗanyen yumɓu ya kusa ninka ruwa nauyi idan girmansu ɗaya. Curin giram 100 wurin da yake ci kusan mililita 50 ne, saboda haka giram 50 kaɗai ruwa zai ɗauke masa, ragowar hamsin ɗin su ja shi ƙasa. Ko a ƙasan ma, wanda ya tallabe shi a cikin ruwa zai ji ya rage nauyi da rabi. Shi ya sa guga ba ta fara nauyi sai ta rabu da fuskar ruwan rijiya.

To a buɗe wannan curin ya zama ƙoƙo mai faɗin baki santimita 9, kaurin bango milimita 4. Yanzu kafin ruwa ya kai bakinsa sai ya ture kusan mililita 200. Nauyinsa na nan giram 100. Yana lotsawa har ya ture ruwan giram 100, sai turi da nauyi su yi kunnen doki, ya tsaya cak. Sauran bangon da ya rage a saman ruwa, shi ne ajiyarsa, wato giram 100 na kayan da zai iya ɗauka kafin ya ƙare.

Ana iya tabbatar da wannan a aji ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A cika kwano fal har baki, a ajiye shi cikin busasshen faranti mai zurfi, a ɗora ƙoƙon a kan ruwan, a tara abin da ya zubo. A ɗaura gwangwanin madara biyu a bakin sanda, a rataye sandar da zare daga tsakiya. Ruwan da ya zubo a gwangwani ɗaya, ƙoƙon a dunƙule shi a ɗayan. Sandar za ta miƙe sambal, ko ta yi kusa da haka in an yi ɓari. A ganina, yaron da ya riƙe wannan zare da hannunsa ya fi wanda ya rubuta dokar sau ɗari a littafi sanin abin da take nufi.

Dokar tana ɗauke da sunan Arkimidis, masanin lissafi na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin da aka fi yaɗawa shi ne sarkin garin, Hiero, ya sa shi ya gano ko maƙeri ya yi algus a kambin zinariya, shi kuma ya gano hanyar yana cikin wanka. Wani marubucin Rum ne ya ba da wannan labari shekaru kusan ɗari biyu bayan mutuwarsa. Abin da ya tabbata shi ne ya bar littafi sukutum a kan abubuwan da ke yawo a kan ruwa. Malaman Musulmi sun ɗora a kai. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khwarizm a 973, ya ƙera wani tulu mai hanci, yana cika shi da ruwa, ya jefa ƙarfe ko dutse mai daraja wanda ya san nauyinsa, ya auna ruwan da ya fito ta hancin. Da haka ya gano zinariya ta ninka ruwa nauyi kusan sau 19, kuma ma'aunan zamani ba su yi nesa da shi ba. Bayansa al-Khazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121, a kan sikelin da ke awo a cikin ruwa. Kwano da faranti na malamin firamare jikan tulun al-Biruni ne, kuma ya kamata yaran ƙasar Sakkwato su ji wannan suna a aji.

Mutanenmu ma ba baƙin wannan ilimi ba ne, suna dai aiki da shi ba tare da sun sa masa suna ba. Yarinyar da ta je ɗiban ruwa gulbi ta san tulu ba ya nutsewa sai ta danna bakinsa ya sha. Mai sayen ƙwan zabi da damina takan zuba su a kwanon ruwa, wanda ya kwanta ƙasa ta ɗauka, wanda ya taso ta ture, domin ƙwai na tsufa iskar cikinsa na ƙaruwa, nauyinsa na raguwa, girmansa na nan. Mai regen shinkafa a ƙwarya da mai wanke zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum, dukkansu da bambancin nauyi suke rarrabewa. A Argungu kuwa, inda bikin kamun kifi ya kafu tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, duk wanda ya taɓa kallon kogin Matan Fada ya ga masunta rungume da manyan goruna, homa a hannu, goran na ɗauke da su yana kuma karɓar kifin da suka kama. Goran da cikinsa ya kai lita 30 yana iya tallafar abin da ya kusa kilo 30, mutum kuwa a cikin ruwa kaɗan yake nema kansa ya tsaya a sama.

Wannan lissafin ne dai ya ɗora ƙarfe a kan teku. Ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau takwas, ƙusa ba ta minti a sama. Amma a 1787 wani mai masana'antar ƙarfe a Ingila, John Wilkinson, ya saka jirgin dakon kaya na ƙarfe a ruwa ya zauna, a 1848 kuma wani Bafaranshe, Joseph-Louis Lambot, ya gina kwalekwale da siminti da waya. Manyan jiragen da ke sauke kwantena a Apapa, duk ƙoƙon yumɓu ne da aka faɗaɗa.

Tsakuwar ƙarshe

Rabin gwajin na biyu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan ƙoƙon ya zauna, sai a ba yara tsakuwoyi masu girma ɗaya, ko ƙananan ƙusoshi, a ce su yi masa lodi ɗaya bayan ɗaya suna ƙirgawa. Kowace tsakuwa na shiga, ƙoƙon na lotsawa kaɗan, kaɗan ɗin da sai an ƙura ido ake gani. Har ruwa ya zo gab da baki yana nan tsaye, ba ya nuna wata alamar gajiya. Daga nan tsakuwa guda, wadda ba ta fi 'yan'uwanta da komai ba, za ta shiga, ruwa ya leƙo ta baki, kafin a ɗauke hannu ƙoƙon na ƙasan daro. Ba ya nutsewa sannu a hankali yadda ya lotsa. Ruwan farko da ya shiga kaya ne, yana ƙara danne shi, na biyu ya biyo da sauri.

Akwai abin da yaran za su gano da kansu in an bar su. Idan aka tara tsakuwoyin a gefe guda, ƙoƙon zai kife tun bai ɗauki rabin abin da yake iyawa ba. Idan aka jera su tsibi mai tsawo, ƙaramin motsi ya ishe shi. Idan yana gab da cika wani ya bugi daron, igiyar ruwan da da farko ba ta yi masa komai ba ita za ta kashe shi. Wanda aka gasa kuma, in ya daɗe a jiƙe, jikinsa na shan ruwa ya ƙara nauyi, tsakuwar da yake ɗauka da safe ba ita zai ɗauka da yamma ba.

Kudancin Sakkwato ƙasar ruwa ce fiye da yadda matafiyin da ke bin titin Sakkwato zuwa Jega yake zato. Gulbin Zamfara na gangarowa daga wajen Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega. Ga tafkin Romo a ƙasar Tambuwal, ga madatsar ruwan Shagari a maƙwabta. Ƙauyuka da yawa gonarsu ko kasuwarsu ko dajin itacensu na tsallaken ruwa, jirgin fito shi ne motarsu. Kuma wannan yanki ya sha zaman makoki. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. A watan Mayun 2023, a Dandeji, cikin ƙaramar hukumar dai, yara 15 suka rasu a hanyarsu ta zuwa itace. A Satumbar 2024 jirgin manoma ya kife a Gummi, gommai suka tafi. Kafin su, a Mayun 2021, jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Warrah a jihar Kebbi. A Agustan 2025 kuma aka yi na 'yan kasuwar Goronyo. Allah Ya jiƙansu da rahama. A lura, na Gidan Magana da na Dandeji duk ba lokacin cikar gulbi suka faru ba.

Kowane haɗari da nasa sanadin, akwai iska, akwai kututturen da ke ɓoye a ruwa, akwai tsufan katako, akwai tafiyar dare. Amma kalmar da ta fi yawan fitowa daga bakin jami'ai bayan an gama tsamo gawarwaki ita ce lodi. Mun yi imani da ƙaddara, kuma addinin da ya koya mana ita shi ya umarce mu da riƙon sababi.

Bari mu yi lissafin daro a kan jirgi. A ƙaddara kwalekwale mai tsawon mita 8, faɗin mita ɗaya a tsakiya, ya tsuke a kai da wutsiya. Filin da ya shimfiɗa a fuskar ruwa bai wuce murabba'in mita 6 ba. Duk santimita ɗaya da ya lotsa, lita 60 ya ture, kilo 60 ke nan, nauyin baligi matsakaici. Wato kowane fasinja yana cin santimita ɗaya na bangon jirgi. In babu kowa a ciki bangon ya ɗara ruwa da santimita 30, mutum 15 sun cinye rabi. A ƙara biyar, a ɗora babur, a ɗora buhun hatsi biyu, abin da ya rage bai fi santimita 5 ba, faɗin yatsu uku. Ruwan da ke yoyo ta ƙasa, in ya kai jarka uku masu lita 20, an ƙara fasinja guda wanda bai biya kuɗi ba, kuma shi ya fi kowa haɗari, domin duk inda jirgin ya karkata can yake gudu. Lissafin kusa ne, kowane jirgi da ƙirarsa, amma ya isa ya nuna abin da ke faruwa. A wannan hali jirgin na nan a sama, yana tafiya, mutanen ciki na hira. Sai iska ta taso, ko wani ya miƙe tsaye, ko a ga wani abu a gefe kowa ya juya can.

Masu fito sun san wannan fiye da ni. Sarkawa da sauran ma'abota ruwa sun gaji karanta gulbi kaka da kakanni, mai jirgi kuma da ƙafarsa yake jin jirginsa ya yi nauyi. Abin da ke kayar da shi a bakin mashaya yake, tun ba a tashi ba. Kuɗin fito a kan kai ake biya, man inji ya yi tsada, jirgin ɗaya ne, rana na yi, kasuwa na ci, kowa na son ya isa gona kafin hantsi. Ga dattijo ya sa ƙafa, ga surukarsa, ga matar maƙwabci da goyo. Da wane baki saurayin da ke riƙe da filafili zai ce, Baba, sauka ka jira sawu na biyu? Kunya da ladabin da muke alfahari da su, a nan suna iya zama tsakuwar ƙarshe.

Turawan Ingila sun yi fama da irin wannan a teku, duk da cewa nasu kwaɗayi ya fi yawa a ciki. A ƙarni na 19 masu jiragen dako kan yi wa tsofaffin jirage inshora mai tsoka, su danƙara musu kaya, in sun nutse da ma'aikata asarar ba tasu ba ce. Wani ɗan majalisa mai wakiltar Derby, Samuel Plimsoll, ya ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan har aka yi doka a 1876, wadda ta tilasta zana alama a jikin jirgi, iyakar inda ruwa zai kai in an yi lodi. Amma dokar ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana, don haka ba ta yi aiki sosai ba sai a 1890 da hukuma ta karɓi ikon tsayar da wurin. Yau duk babban jirgin kasuwanci na ɗauke da wannan alama ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966, har da layi daban na ruwan daɗi da na gishiri, saboda ruwan teku ya ɗan fi nauyi, ya fi ɗaukar jirgi.

Ina ganin jiragen fiton Gulbin Zamfara da Romo da Shagari sun cancanci irin wannan layi, kuma amfaninsa a wurinmu ya wuce na awo. Layi yana ɗauke wa mai jirgi nauyin magana. Ba shi ya hana Baba shiga ba, ruwa ne ya taɓa fenti, kuma kowa na tsaye a gaɓa yana gani. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lokoja, ta daɗe tana nanata hana lodi da tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar ceto. Amma jami'inta ba zai kwana a kowace mashaya ba. Dokar da ke takarda sai da mai gadi, wadda ke jikin jirgi kuwa kowane fasinja mai gadinta ne, in dai ya san abin da take nufi.

A nan makaranta ta shigo. Waɗanda suka rasu a Dandeji yara ne, 'yan shekarun firamare da ƙaramar sakandare, kuma irinsu ne ke cika jirgi zuwa itace da ciyawa da gona ba babba a kusa. Nutsewa da tasowa na cikin darasin kimiyya na matakin farko, dokar Arkimidis kuma na cikin fiziks na babbar sakandare, inda akasari ake rubuta ta a allo da Turanci a haddace don jarrabawa, bayan da yawa daga yaran bakin gulbi sun riga sun bar makaranta. Darasin na zuwa a makare, kuma a bushe. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, kafin siyasa malamin kimiyya ne a Makarantar Midil ta Sakkwato, daga baya ya shugabanci makarantar firamare a Argungu, kuma da ya so yara su san ƙasarsu sai ya tsara musu labarinta a waƙe da Hausa. Malaman da ke fitowa daga makarantar horar da malamai da ke ɗauke da sunansa a Sakkwato suna da wanda za su yi koyi da shi wajen sauko da ilimi inda yaro yake. Daro guda, yumɓu, tsakuwa, da minti arba'in sun isa. Ajin da ya cika maƙil a fita da shi gindin bishiya, a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da curi mai nauyi ɗaya, a ga na wa zai fi ɗauka. Kafin a tashi, kowane rukuni ya ja layi da tsinke a jikin ƙoƙonsa inda yake ganin ya kamata a daina lodi, ya kare zaɓinsa a gaban sauran. Makarantun Islamiyya da na allo ma babu abin da zai hana su, tunda can ne yara suka fi yawa a ƙauyuka da dama.

Ban ce ƙoƙon yumɓu zai maye gurbin gada ba, ko jirage masu inganci, ko rigar ceto ga kowane fasinja. Waɗannan haƙƙi ne a wuyan gwamnatin jiha da ta tarayya, kuma mutanen bakin gulbi sun daɗe suna jira. Inda jirgi ɗaya ke hidimar ƙauyuka uku, layi zai sa a ƙara sawu, ƙarin sawu kuma ƙarin mai ne, dole a zauna a yi maganar kuɗin fito da gaskiya, ko ƙaramar hukuma ta tallafa. In ba haka ba mai jirgi zai goge fentin, kuma ba zan ga laifinsa shi kaɗai ba.

Shi kansa awon ba ya buƙatar komai daga Abuja. A kawo jirgi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a kwashe ruwan cikinsa tas, a ɗaura injinsa in yana da shi. A riƙa jera masa jarkoki cike da ruwa daga tsakiya zuwa kai da wutsiya, kowace jarka uku masu lita 20 a ƙirga su mutum ɗaya. Tazarar da za a bari tsakanin ruwa da bakin jirgi ba mai jirgin zai yanka ba, kuskuren 1876 ke nan. Injiniyan NIWA ko na ma'aikatar sufuri ta jiha ne zai faɗa, tare da Sarkin Ruwa da ya san halin mashigin, a gaban mai gari. A ja layi biyu da fentin mai, na sama don lokacin da ruwa ke kwance, na ƙasa don Agusta da Satumba lokacin da gulbi ke tafe da ƙarfi, a rubuta adadin mutane a gefe da boko da ajami. Duk shekara a sake, domin katako na shan ruwa yana ƙara nauyi, kuma jirgin da aka yi wa faci ko aka sauya wa inji sai an sake auna shi kafin ya koma fito.